Yaƙin Bosniya Bai Tsaya a Kan Addini Kawai Ba

 Ranar da malaminmu na tarihi ya ba mu labarin Srebrenica, wani abokina ya ce, "Ai Kiristoci ne suka kashe Musulmi, shi ke nan." Wannan "shi ke nan" ɗin ce ban yarda da ita ba.

Ba na rage girman abin da aka yi wa Musulmi. A watan Yulin 1995 sojojin Sabiyawan Bosniya, ƙarƙashin Janar Ratko Mladic, suka kashe maza da samari fiye da 8,000 a Srebrenica, garin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce yana ƙarƙashin kariyarta. A cikinsu akwai sa'o'ina. Daga 1992 zuwa 1995 kimanin mutum 100,000 suka mutu, mafi yawansu Musulmi, kuma fiye da miliyan 2 suka bar gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda aka zalunta.

To amma su wane ne waɗannan mutane? Sabiyawa 'yan cocin Otodoks ne, Kuroshiyawa Katolika, Bosniyawa kuma Musulmi. Kusan harshe ɗaya suke yi. A Sarayebo unguwa ɗaya suke zama, har auratayya suna yi. In addini kaɗai ne, me ya hana su yanka juna a shekarun da suka zauna tare a Yugoslabiya? Me ya sa Sabiyawa da Kuroshiyawa, dukansu Kiristoci, suka yaƙi juna a 1991? Kuma Jovan Divjak, janar ɗin da ya tsaya tare da masu kare Sarayebo lokacin da aka yi mata ƙawanya kusan shekara huɗu, ai Basabiye ne.

A nawa fahimtar, masu neman mulki ne suka hura wutar. Bayan rasuwar Tito a 1980 bashi ya yi wa ƙasar katutu, aikin yi ya yi wuya. Sai 'yan siyasa irin su Slobodan Milosevic suka riƙa tono tsohon miki. Mikin kuwa na gaskiya ne, domin a Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Ustasha na Kuroshiya sun yi wa Sabiyawa kisan gilla. Talabijin ta yi ta maimaita wannan har mutum ya fara tsoron maƙwabcin da suke shan gahawa tare. Abin da shugabannin ke so shi ne ƙasa: a kori wata ƙabila daga gari, garin ya zama nasu. Addini ya zama alamar gane wanda za a kora.

Abin da ya fi damuna a matsayina na ɗalibi shi ne abin da ya biyo bayan yarjejeniyar Dayton ta 1995. Har yau a wasu garuruwa akwai makarantu biyu a gini ɗaya. 'Ya'yan Bosniyawa na da ajinsu, 'ya'yan Kuroshiyawa na da nasu, kowa da littafin tarihinsa. Ni da nake zama benci ɗaya da Kirista a makarantar boko da safe, in zo nan da yamma, na kasa gane yadda za a ce wannan zaman lafiya ne.

A garin Jajce hukuma ta so ta raba makarantar sakandare haka. Ɗaliban, Musulmi da Kiristoci, suka fito tare suka ƙi, suka yi ta zanga-zanga wajen shekara guda. A 2017 aka janye shirin.