Tsakanin Sama da Ƙasa

Malaman Hindu na dā sun kasa duniya gida uku: ƙasa, sama, da sararin da ke tsakaninsu, wanda ake kira antariksha da harshen Sanskirit, «antar» na nufin tsakani. Can suka aje hadari, da Vayu mai iska, da Indra mai tsawa.

Manomin Arewa ba zai yi mamaki ba. Daga Dogon Dutsi har Tibiri, iska ce ke kaɗa gero, iska ce kuma ke hawan ɗan bori. Sai dai Doguwa mazauninta tsamiya da duwatsu. Dongo mai aradu, baƙo daga Zabarma, shi ya fi kama da Indra: a shekarun 1980, in ya kashe mutum, har musulmi kan nemi ƴan bori kafin a taɓa gawar.