Karatun Iska Da Ruwa Ya Shafi Gonakinmu



Kwanan baya, bayan an tashi daga taron ƙungiya, wani dattijo daga wajen Gumbin Kure ya nuna mini littafin ɗansa na sakandare. Ya ce yaron ya gaya masa wai a wannan zango karatun iska da ruwa suke yi. Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, iskar da muke shaƙa tun ran da aka haife mu, da ruwan da muke sha kullum, su ne za a biya kuɗi a koya? Ai gara ya zo mu tafi fadama dashen albasa." Na taya shi dariya, amma ban yarda da maganarsa ba. A ganina, cikin dukan abin da ake koya wa yaranmu a kemistiri, watau ilmin sinadarai, babu darasin da ya fi wannan kusa da gona. Saboda haka ya kamata kowace ƙungiya ta zaunar da yaranta 'yan sakandare, maza da mata, su bayyana mata abin da aka koya musu. Ga dalilaina.

Takin da ke cikin iska

Iska gauraye take. In an raba ta kashi 100, kashi 78 wani iri ne da ake kira naitirojin, kashi 21 kuwa oksijin ne, sauran kashi ɗayan kuma wasu ƙananan iri ne. Oksijin shi ne mutum da dabba da ƙwaro suke rayuwa da shi, shi ne kuma yake sa wuta ta ci.

To, naitirojin ɗin nan da ya cika iska shi ne muke saye da tsada a buhun takin zamani. Gero da dawa da albasa suna bukatarsa ƙwarai, amma ba su iya ɗaukarsa daga iska da kansu. A shekarar 1909 wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano hanyar kama shi a mai da shi amoniya, a 1913 kuwa aka buɗe masana'anta ta farko a Jamus. Ta wannan hanya ce masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022 take yin takin yuriya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin.

Ga inda karatun yaro yake cece mu. In ka watsa yuriya a kan ƙasa mai laima, ka bar shi a fili rana tana dukansa, sai ya koma amoniya ya tashi. Rabo mai yawa na kuɗinka ya koma iskar da aka kamo shi ke nan. Don haka malaman gona suke cewa a tona ɗan rami a gefen shuka, a zuba, a rufe da ƙasa, ko kuwa a yi ban ruwa nan da nan domin takin ya nutse. Manomin da ya san dalili ba ya ƙyuyar rufewa.

Ka tuge wake ko gyaɗa ka dubi saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai ƙananan halittu masu kama naitirojin daga iska kyauta. Kakanninmu da suke haɗa gero da wake a gona ɗaya, suna kuma barin itacen gawo a tsaye, sun ga amfanin da idonsu. Littafin yaro dalilin kawai ya ƙara musu.

Wake a hana shi iska, albasa a ba ta

Ƙwaron wake ba ya rayuwa sai da oksijin. Wannan shi ne dukan asirin buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara bazawa a Afirka ta Yamma a 2007. In an zuba busasshen wake a ledoji biyu na ciki, aka matse iska, aka ɗaure kowace dabam, ƙwarin da ke ciki sai su cinye ɗan oksijin da ya rage su mutu. Jarka ko durum mai murfi sosai ma haka yake yi, in an cika shi fal. Ba a bukatar guba ko kaɗan. Mu tuna, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Irin waken da Turai ta ƙi kuwa, mu ne muke dafa shi a gida.

Albasa kuwa akasin haka take. Kusan kashi 90 cikin 100 na albasa ruwa ne, ko bayan an cire ta kuma tana da rai, tana numfashi, tana fid da zafi da laima. In ta rasa iska mai ratsawa, laimar sai ta taru, ruɓa ta kama. Shi ya sa manoman Aliero, waɗanda albasarsu ta yi suna a ƙasar nan, suke ɗaga rudu daga ƙasa domin iska ta bi ta ƙarƙashi. Darasi ɗaya ne ya bayyana mana abu biyun nan.

Iskar da take kisa

Akwai wata iska mai suna kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. Ta fi iskar da muka saba da ita nauyi, don haka takan kwanta a ƙasan tsohuwar rijiya ta kori oksijin. Mai yasa ya shiga ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi. Kafin kowa ya shiga, a zura fitila mai wuta da igiya. In ta mutu, kada kowa ya sauka. A ɗaura wa mai shiga igiya a ƙugu kullum. Amma kada a yi wannan gwaji a ramin salga, gama iskar da ke can takan kama wuta.

Wadda ta fi ta mugunta ita ce kabon monoksaid, mai fitowa daga hayaƙin janareta, da injin ban ruwa, da gawayin da ake hurawa a ɗaki rufe lokacin hunturu. Ba ta da launi, ba ta da wari, fitila ma ba ta nuna ta. Tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kamawa sau 200 da wani abu. Mutum yakan ji ciwon kai da jiri, ya kwanta, shi ke nan. Kada a kunna inji a cikin ɗaki, ko a zaure rufe, ko a sauke shi cikin rijiya.

Haka kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun hatsi. Laimar da ke cikin iska ce take narka ta, ta fid da iska mai guba. Kada a ajiye irin wannan buhu a ɗakin da ake kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi.

Ruwa garau ba lalle mai tsabta ba ne

Babban halin ruwa shi ne narkar da abubuwa. Duk inda ya bi, sai ya kwashi abin da ya tarar: gishiri, kanwa, taki, ƙazanta. Ido kuwa ba ya ganin abin da ya narke.

Alam yana kwantar da laka, ruwan gulbi ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Tafasawa ce take kashe su, ko kuwa kulorin, shi ma sai an fara tace ruwan, an zuba daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, an kuma jira minti 30. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Kebbi ma tana cikin waɗanda abin ya shafa. Rigakafi ya fi magani. A nisanta rijiya da salga kamar mita 30, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi.

Akwai kuma abin da tafasawa ba ta kawarwa. Takin da ya yi wa shuka yawa yakan zama naitiret, ruwa ya tafi da shi ƙasa, ya shiga 'yan rijiyoyin fadama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ta ruwan sha, domin yana hana jinin jarirai ɗaukar oksijin. In ka tafasa irin wannan ruwa, tururi ne yake tashi, naitiret ɗin yana nan, har ma ya ƙara ƙarfi. Saboda haka kada a dama wa jariri abinci da ruwan rijiyar da ke tsakiyar gonar da ake zuba wa taki.

Masu noman rani a bakin Gulbin Zamfara wajen Jega, in kun ga fari-fari a kan kunya, gishirin da ruwa ya kawo ne, rana ta ɗauke ruwan ta bar shi. In ya taru yakan ƙone shuka. Maganinsa a gyara magudana, domin ruwa ya wanke shi ya wuce da shi.

Abin da wasu za su ce

Wani zai ce, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a kan zaman duniya. Amma babba bai taɓa hango oksijin ba, yaron ma bai gan shi ba, karanta shi ya yi. Babba ya san abin da yake faruwa a gona, yaro ya san dalilinsa a takarda. Kowannensu rabi yake riƙe da shi.

Wani kuma zai ce makarantun ƙauye da yawa ba su da kayan gwaji, haddar Turanci kawai yara suke yi don jarrabawar WAEC da NECO. Wannan ma gaskiya ne, shi ne ma ya ƙara ƙarfafa ni. Yaron da aka sa ya bayyana wa ubansa darasi da Hausa, dole ya fahimce shi tukuna. Kayan gwajin kuwa suna gidajenmu: a kife kwalba mai faɗin baki a kan kyandir a ga ya mutu, a sa ƙusa ɗaya a laima ɗaya a cikin mai a ga wadda ta yi tsatsa, a shanya ruwan rijiya a baƙin faranti a ga abin da ya bari.

Abin da nake roƙo

Na ɗaya, a kowane hutu ƙungiya ta ba 'yan sakandare rabin awa a taronta. Na biyu, a sa 'yan mata a gaba, gama su da uwayensu ne suke ɗibar ruwa, suna hura wuta, suna ajiye wake. Na uku, ƙungiya ta ware ɗan kuɗi daga asusunta ta sayi littafin kemistiri ko guda biyu wanda yara za su riƙa ara. Na huɗu, tun da yake akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, shugabanninmu su nemi shawara a can a kan yadda za a gwada ruwan rijiyoyinmu.

Dattijon nan na Gumbin Kure, ina roƙonka ka bar yaron ya gama karatunsa. Ran Asabar ku tafi fadama tare, ka nuna masa yadda ake dashe, shi kuma ya gaya maka dalilin rufe taki. Allah ya ba mu albarkar noma da lafiyar iyali.