KAFIN A SAYO WA YARANMU NA'URAR KARATU, A TUNA DA 2021

Jama'a, kwana biyu ina jin matasanmu da ke karatu a Zariya da Kano, da 'yan uwanmu mazauna Abuja, suna maganar a haɗa kuɗi a sayo na'urorin karanta littattafai, irin su Kindle, a kai makarantu da islamiyyu a Kankara da Faskari da Sabuwa. Niyyar tana da kyau, Allah Ya saka. Amma na lura duk gardamar a kan wacce ta fi kyau ne da wacce ta fi araha, ba wanda ya tambaya: ranar da aka ɗauke sabis, wacce za ta ci gaba da aiki?

Mu kam ba labari aka ba mu ba. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Masari, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, kuma waɗannan ukun duk suna ciki. Watanni mutum sai ya hau mota ya je wani gari kafin ya kira ɗan uwansa. Kafin nan, ranar 11 ga Disamba 2020, aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara, aka sako 344 bayan kusan mako guda, aka rufe makarantun kwana. Yaro yana gida, ba makaranta, ba sabis, wutar lantarki kuwa kun san halinta. Duk abin karatun da za a kawo mana, da wannan ma'aunin zan gwada shi.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, na'urar nan ba waya ba ce kuma ba kwamfuta ba. Allonta kamar takarda yake, ba ya cin wuta sai lokacin da ka juya shafi ko ka kunna fitilarsa, shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni. Kana iya karatu da ita a tsakar rana ƙarƙashin bedi, ka ga rubutu tangaran. Tana ɗaukar dubban littattafai. Ba TikTok, ba WhatsApp, wanda a wurina wannan ma riba ce. Idan kuma aka ce a tashi cikin dare, tana shiga aljihun riga. Duk wanda ya taɓa ganin malami ya baro buhunan littattafansa a ƙauye ya gudo gari da iyali, ya san abin da nake nufi.

To, amma fa kamfanonin ba ɗaya ba ne.

Kindle ta Amazon ita ce kowa ya sani, kuma ita ce ta fi yawa a kayan tokumbo. Ƙirarta na da ƙarko, ba zan ɓata ta ba. Matsalata da ita, an gina ta ne don ka riƙa sayen littafi a shagon Amazon da katin banki da intanet. Littafin da ka saya a can a kulle yake, hayarsa aka ba ka. A watan Yuli na 2009 Amazon ta shiga na'urorin mutane daga nesa ta goge littafin George Orwell mai suna 1984, ta mayar musu da kuɗinsu, daga baya shugaban kamfanin ya ba da haƙuri. Ranar 26 ga Fabrairu 2025 kuma suka cire damar da mutum ke da ita ta sauke littafin da ya saya zuwa kwamfuta ya tura ta igiya. Sannan idan ka jona Kindle da kwamfuta ka zuba mata littafi na tsarin EPUB, wanda shi ne ya fi yawa a duniya, ba za ta buɗe ba. Sai dai ka tura shi ta hanyar Amazon, wato intanet ke nan, ko ka fara juya shi zuwa tsarinsu da manhajar Calibre. Calibre kyauta ce kuma ba ta buƙatar sabis, amma aiki ne da sai an samu mai zama ya yi.

Kobo, ta kamfanin Rakuten na Japan, ba ta da wannan iyayin. Ka jona igiya, ka zuba EPUB ko PDF kamar yadda kake zuba waƙa a memori, shi ke nan. PocketBook ma haka, har ta fi su karɓar nau'o'in fayil. Boox kuwa Android ce mai allon takarda, za ka iya sa mata manhajar Maktaba Shamila ko Kiwix, wadda ke riƙe Wikipedia ba tare da intanet ba, amma ta fi tsada kuma cajinta bai kai na sauran daɗewa ba.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Mu abin da za mu karanta, yawancinsa ba EPUB ba ne. PDF ne, kuma da yawa hoton shafi ne aka ɗauka: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO da JAMB, takardun lakca, littattafan darasi na jami'ar NOUN da take sakewa kyauta a shafinta. Ka buɗe shafin Risala mai sharhi a gefe a kan allo mai inci 6, wallahi sai ka ɗauka tururuwa ce ke tafiya. Manhajar da kamfani ya sa ba ta iya komai a kai, sai ka yi ta ja da yatsa hagu da dama har ka gaji ka ajiye.

A nan KOReader ke shigowa. Manhaja ce ta kyauta da 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka rubuta, ana ɗora ta gefe da gefe da ta kamfani. Tana yanke farin gefen shafi ta bar rubutun ya cika allo. Tana iya yayyanka layukan PDF ta sake jera su da girman da idonka ke so, ko da hoto ne aka ɗauka. Tana ƙara baƙin tawada idan bugun ya koɗe. Tana riƙe ƙamus a ciki, ka danna kalma ma'ana ta fito ba da data ba. Ga masu Larabci, ana iya saita ta ta riƙa juya shafi daga dama zuwa hagu, sai dai sake jera layukan bai cika yin kyau a shafin da ke da matani a tsakiya da sharhi kewaye ba. Irin wannan maganinsa babban allo ne kawai, inci 10 da 'yan kai, irin Kobo Elipsa ko Kindle Scribe ko Boox Note Air, kuma kuɗinsu ba wasa ba.

Akwai kuma batun haruffanmu. Sau nawa ka buɗe rubutun Hausa ka ga inda ɓ ko ɗ ko ƙ suke an sa ɗan akwati? Laifin salon haruffan ne. Ƙungiyar SIL ta saki Charis da Andika kyauta, duka suna da masu lanƙwasa. Sun kuma yi Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun ajami irin na Kano, da Harmattan don rubutun Warsh na Afirka ta Yamma. Kwafa su kawai ake yi cikin na'ura. Wannan ko Kindle ta yarda da shi, gaskiya daban.

Ɗora KOReader a PocketBook kwafe ne kawai. A Kobo aikin minti kaɗan ne. A Boox da kowace wayar Android, saukewa ne kamar sauran manhajoji. A Kindle kuwa sai ka ɓalle makullinta tukuna. Ana yi, an daɗe ana yi, amma wasan ɓuya ne: masu ɓallewa su gano ƙofa, Amazon ta toshe da sabon sabuntawa. Kindle biyu iri ɗaya, ɗaya ta ɓallu, ɗaya ta ƙi, saboda mai ita ya taɓa jona ta da intanet ta sabunta kanta. Garanti kuma ya tafi, ko da yake wa ya taɓa mayar da kayan tokumbo Amurka? Abin tsoron shi ne a yi kuskure ta sandare. Mai gyaran waya a kasuwar Sheme ko Kankara ya iya Tecno da itel, wannan ba ta cikin sana'arsa, kuma allonta in ya fashe an gama.

Ra'ayina ke nan: mutum ɗaya mai son wasa da na'ura, ya samu Kindle mai araha a Farm Centre ta Kano, ya duba lambar manhajarta kafin ya biya, ya tabbatar ba a kulle take da asusun wani ba, ya ɓalle abinsa. Amma ƙungiya mai sayen ashirin ko talatin da kuɗin jama'a, kada ta ɗora makaranta a kan dabarar da kamfani ke yaƙa. Ku nemi Kobo ko PocketBook, ko da samunsu a Najeriya ya fi wuya, sai an yi saƙo daga waje. Masu inci 6 ko 7 don labarai da Turanci da Hausar boko, guda ɗaya ko biyu manya don malaman Larabci.

Na san abin da wani zai ce: mutane na neman abin da za su ci, gonaki ba sa nomuwa, kai kana zancen Kobo. Ban musa ba. Kindle mafi araha sabuwa ta haura dala 100, wato wajen ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kafin kuɗin kawowa. Shi ya sa ban ce kowa ya saya ba. Mafi yawanmu na'urar karatunmu tana aljihu, wayar nan ce. Ka sa mata KOReader yau da akwai sabis, ka cika memori da littattafai, ka tura wa na kusa da kai ta Xender. Project Gutenberg na da littattafai sama da 70,000 kyauta, OpenStax ta jami'ar Rice na da na kimiyya da lissafi, African Storybook na da labaran yara da Hausa. Kuma kada wani ya fake da maganata ya kwashe littattafan marubutanmu mata da ke sayarwa ta WhatsApp ya raba a banza. Wannan haƙƙi ne, a biya su.

Su ma marubutan ina ba su shawara su riƙa ajiye aikinsu a EPUB a hannunsu. OkadaBooks ta rufe a watan Nuwamba na 2023, alhali marubutan Hausa da dama sun zuba littattafansu a can.

Masu haɗa kuɗin nan, kafin ku aika a sayo, ku zaɓi malami ɗaya a kowace makaranta ku koya masa Calibre, ku ba shi tsohuwar laptop da ƙaramin sola na caji. Ku sayi marfi ga kowace na'ura. Sannan ku fara da guda biyar a makaranta ɗaya a Sabuwa ko Faskari, zango ɗaya, a kashe musu intanet gaba ɗaya, mu ga nawa za su dawo da rai kuma me yaran suka karanta.