Folo Na Manya, Dambe Na Talakawa: Ina Dalili?

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ya san wasanni biyu da ake danganta su da gida, wato wasan folo na ƙwallon dawaki da kuma dambe. Amma fa tazarar da ke tsakanin masu yin su ta fi tazarar Ikoyi da Agege.

Turawan Ingila ne suka kawo folo ƙasar nan, suka kafa kulob ɗinsa na Ikko cikin 1904. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya shigar da shi Katsina a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya shahara a kansa har ƙasashen waje. Tun daga lokacin wasan ya zauna a hannun sarakuna da manyan hafsoshin soja da attajirai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Filin folo tsawonsa yadi 300 ne, kowane zagaye wajen minti 7 ne, kuma ana sauya doki tsakanin zagaye. Saboda haka ɗan wasa ɗaya yana bukatar dawaki da yawa, waɗansu ma daga Ajantina ake sayo su. Ga harawa da dusa, ga likitan dabbobi, ga kuɗin kulob.

Abin lura shi ne, da yawa daga masu kiwon dawakin nan da horar da su a bargar Ikoyi 'yan Arewa ne. Su ke tashi da asuba su wanke doki su ɗaura sirdi, ranar gasa kuwa sunan mai doki ake rubutawa a jikin kofi.

Shi dambe asalinsa wasan mahauta ne na lokacin kaka. Jarinsa zare ne a hannu ɗaya, da ƙarfin zuciya. Yana tara jama'a fiye da folo nesa ba kusa ba, har a zangunan Kudu. Duk da haka ɗan damben da ya karye ko ya zubar da haƙori, galibi kansa yake yi wa magani daga ɗan abin da 'yan kallo suka liƙa masa. Wasan da ya fi haɗari shi ne ya fi ƙarancin kariya.

A da filayen gwamnati ne ke rage wannan bambanci. Babban filin wasa na Surulere, wanda aka buɗe cikin 1972, shi ya ɗauki Wasannin Afirka na 1973, nan kuma Nijeriya ta ci kofin Afirka cikin 1980. Bayan da aka gina na Abuja cikin 2003 sai aka bar shi shekara da shekaru yana lalacewa. Kulob ɗin masu kuɗi bai taɓa rasa mai yanke ciyawa ba, filin talaka ne kullum ake ce masa babu kuɗi.

Ba wanda ya ce a hana mai doki hawan dokinsa. Amma lalle ne hukumomin wasanni su tilasta wa masu shirya dambe ajiye likita a bakin fili, da ƙayyade lada kafin a ɗaure hannu. Sarakunan Hausawa na zanguna, waɗanda da saninsu ake kafa filayen nan, su ne suka fi cancanta su fara neman haka, domin 'ya'yan jama'arsu ne ke shan naushin.