Ƙananan batura huɗu sun fi ƙaton fawa banki amfani ga murhun gas a daren sanyi

A watan Fabrairun 2021, guguwar sanyi ta afka wa jihar Texas ta Amurka, inda gidaje da shaguna sama da miliyan huɗu suka rasa wutar lantarki, wasu na tsawon kwanaki. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu sanadin guguwar, galibinsu sanyi ne ya yi ajalinsu. Abin takaicin shi ne a gidaje da yawa iskar gas tana nan tana zuwa ta bututu, amma babban injin ɗumama gida ya ƙi tashi, domin fankarsa da allon da ke sarrafa shi duk da lantarki suke aiki. Ga mai a hannu, ga sanyi a jiki.

A irin wannan dare, abin da ke iya ceton iyali shi ne murhun gas na jin ɗumi, wato akwatin nan mai fuskar gilashi da ake kafawa a bangon falo a Amurka da Kanada, wuta na ci a ciki, hayaƙi na fita waje ta bututu. Sai dai shi ma ba kowanne ne ke kunnuwa ba idan an ɗauke wuta. Kuma yadda 'yan kasuwa ke tallata maganin matsalar ya karkata ne ga abin da ya fi tsada, ba ga abin da ya fi aiki ba.

Murhun iri biyu ne ta fuskar kunnawa. Tsohon samfuri yana da wata 'yar mitsitsiyar wuta da ke ci dare da rana. Harshenta yana lasar wani ƙarfe da ake kira tamofayil, wanda ke juya zafi ya koma lantarki, kusan kashi uku cikin huɗu na bolt ɗaya idan yana da lafiya. Wannan ɗan ƙarfin ya isa ya buɗe bawul ɗin gas. Ke nan murhun da kansa yake samar wa kansa wuta, ba ruwansa da kamfanin lantarki. Laifinsa ɗaya, 'yar wutar tana shan gas ko da ba mai jin ɗumi. Saboda haka masu ƙerawa suka fi karkata ga sabon samfuri, mai fitar da tartsatsi ya kunna 'yar wutar lokacin da ake buƙata kawai. Ya rage ɓarna, ba shakka, amma ya ɗaure murhun da soket ɗin bango. Wuta na ɗaukewa, tartsatsi ya tafi.

A nan ne maganar batir ta shigo. Yawancin sababbin murahun suna da wani ɗan gidan batir a ƙasa, bayan marfin da ke rufe bawul. Wasu na cin batura huɗu na AA, irin na rimot da agogon bango, wasu kuma biyu manya na D, irin na tsohuwar tocila da rediyo. Shi ke nan abin da ake buƙata.

Ga wanda ya saba duba ƙarfin batirin waya kafin ya saya, lissafin zai ba shi mamaki. Batura huɗu na AA gaba ɗaya suna riƙe da makamashin da bai wuce watt-awa 15 ba. Batirin waya mai 5,000mAh yana da kusan watt-awa 19, wato wayar da ke aljihu ta fi su ƙarfi. Amma murhun da ke ƙona gas na BTU 30,000 a awa, wanda matsakaici ne a wannan kasuwa, yana daidai da kusan watt 8,800. Wani kaso na zafin yana bin bututun hayaƙi ya fita, duk da haka abin da ke saura a ɗaki ya ninka na hitar lantarki sau da yawa. Baturan ba su ne ke ɗumama ɗakin ba. Aikinsu buɗe ƙofa ne kawai, gas ne ke ɗaukar kayan.

Sai a kwatanta da abin da ake tallatawa duk lokacin da hunturu ya gabato: manyan fawa banki masu soket, na ɗaruruwan daloli. A ɗauki mai watt-awa 500, a jona masa hitar lantarki ta watt 1,500, wadda aka saba sayarwa a Amurka. Cikin minti 20 ya mutu, ko ma ƙasa da haka, tunda inbata na cin nata rabon. Duk wanda ya taɓa gwada dutsen guga a kan inbatar gida ya san wannan labarin. Ajiye zafi a cikin batir asarar kuɗi ce matuƙar akwai gas a bututu.

Wasu kuma suna jona murhun da UPS irin na kwamfuta. Yana aiki, amma hanya ce mai kwana-kwana. Batirin UPS yana ba da wuta mai ƙaramin bolt, inbata ta ɗaga ta zuwa bolt 120 na soket, sannan adaftar murhun ta sake sauke ta zuwa bolt uku ko shida. Kowane hawa da sauka da asararsa, kuma ita kanta na'urar tana shan batirinta ko da kayan da ke kanta ba su da nauyi. An ƙera UPS ne don mutum ya samu 'yan mintoci ya adana aikinsa ya kashe kwamfuta, ba don daren sanyi uku a jere ba. A Quebec ta Kanada, guguwar ƙanƙara ta Janairun 1998 ta bar wasu garuruwa makonni babu wuta. UPS ɗin ofis ba zai kai ko'ina ba a irin wannan hali, amma kwalin batura a aljihun tebur zai kai.

Babban batir yana da amfani wuri ɗaya, wato fankar da ke hura zafi zuwa cikin ɗaki. Ita ba ta aiki da ƙananan batura, sai wutar soket. Idan fankar na cin watt 50, fawa banki mai watt-awa 500 zai riƙe ta kamar awa takwas zuwa tara. Wannan ƙarin daɗi ne. Ko ba fanka, gilashin murhun yana feso zafi, kuma iyalin da suka taru a ɗaki ɗaya suka rufe ƙofofi za su kwana lafiya.

Masu ƙera murahun suna da alhaki a nan, kuma ba ƙarami ba. Gidan batir yana ɓoye a lungun da sai mutum ya durƙusa da tocila ya lalubo. Wasu kamfanonin ma suna ba da shawarar kada a bar batura a ciki duk shekara, saboda zafin wurin yana cinye su, su tsiyaye su lalata ƙarfen da suke taɓawa. Ma'ana, sai an ɗauke wuta, cikin duhu, da yatsu sun daskare, sannan mai gida zai fara koyon inda ake sa batir. Wannan mugun tsari ne. Mai rubuta manhaja da ya ɓoye maɓallin gaggawa a shafi na biyar na saituna ba zai daɗe a wurin aiki ba. Ya kamata gidan batir ya kasance nesa da zafi, inda hannu ke kaiwa a tsaye, da alamar da ke nuna batir ya yi sanyi tun kafin ranar buƙata.

Abin ya ƙara muni da shigowar murahun da ake kunnawa ta manhajar waya. Kunna wuta daga kan gado abin sha'awa ne, babu musu. Amma idan umarnin sai ya bi ta Wi-Fi, to rawutar gida ma ta shiga cikin jerin abubuwan da dole su rayu, alhali ita ce ta farko da ke mutuwa idan an ɗauke wuta. Duk murhun da ba shi da maɓallin hannu mai aiki kai tsaye da batura, kayan ƙawa ne, komai yawan fasahar da aka rubuta a kwalinsa.

Akwai masu cewa gas ɗin ma ai yana iya yankewa. Gaskiya ne, a Texas rijiyoyi da kayan tura gas sun daskare, kuma hakan na cikin manyan dalilan da suka sa tashoshin lantarki suka tsaya. Amma hukumomi sun fifita gidajen jama'a wajen rabon gas ɗin da ya rage, don haka a galibin wurare bututun gida ya ci gaba da kawowa bayan lantarki ya tafi. Batura huɗu ba za su warware kowace masifa ba, sai dai kuɗinsu bai kai na katin data na wata ba.

Batir na biyu da ake yawan mantawa shi ne na na'urar gano iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta kashe mutane a guguwar Texas, waɗanda suka shigo da gawayi ɗaki, ko suka tayar da janareta ko mota a rufaffen gareji. Haɗarin ɗaya ne da na kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu a Kano ko Damagaram. Murhu mai rufaffen gilashi yana jawo iska daga waje, ya mayar da hayaƙi waje, shi ya sa ya fi aminci. Amma idan dusar ƙanƙara ta toshe bakin bututun, wannan amincin ya ragu, don haka sai an riƙa fita ana share wurin. Samfurin da ba shi da bututun hayaƙi kwata-kwata kuwa, jihar Kalifoniya ba ta yarda a kafa shi a gidaje ba.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ya kama haya a Toronto ko Dallas ya tarar da irin wannan murhu a falo, gwajin na minti goma ne, kuma a watan Oktoba ya kamata a yi shi, kafin sanyi ya kankama. Ya buɗe marfin ƙasa ya duba: idan 'yar wuta na ci kullum, galibi murhun ba ya neman batir don ya kunnu, sai dai idan akwatin karɓar saƙon rimot yana da nasa. Idan kuwa ya ga gidan batir, ya sa sababbi, ya yanke wutar murhun daga allon fis na gidan, ya danna maɓalli. Idan wuta ta kama, ya bi abin da littafin murhun ya ce game da barin baturan a ciki ko cire su. In cirewa ne, ya ajiye su tare da tocila a wurin da kowa a gidan ya sani.