Caji ya zama namu

A Attantane, da yamma, nakan kai wayata rumfar wani yaro mai farantin sola. Dala ashirin nake ba shi, ya jona ta a tsakiyar wayoyi fiye da goma. Abin da muke kira caji ke nan. Kalmar Ingilishi ce, ta iso mana a bakin 'yan cin rani da ke dawowa daga Katsina da Kano, ba ta hanyar lakwal ba, domin mu da Faransanci aka karantar da mu.

Amma ji inda ta kai. Ran kasuwar Tasawa na tarar da wani baffana ya dafe goshi, an faɗa masa kuɗin tiyar gero. "Ɗana, kaina ya ɗau caji," in ji shi. Bai taɓa riƙe waya ba! Matashin da ya sha ƙwaya yana tangaɗi, shi ma sai a ce ya yi caji. A Kano kuwa, in an ce an kai mutum caji ofis, to wajen 'yan sanda yake.

Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a Nijar, wasu malamai ke cewa a kori irin waɗannan baƙin kalmomi. Ni ban yarda ba. Baƙon da ya shiga habaici da ba'a ai ya zama ɗan gari. Su fara gaya wa baffana abin da zai ce in gero ya sake tashi.