Wa Ya Ce Tagomashin Allah Makullin Mota Ne?

A yawancin majami'un biranen Arewa, lokacin ba da shaida ya fi wa'azi armashi. Wani ya tashi yana kaɗa makullin mota sama da kansa, wata ta ɗaga takardar ɗaukar aiki, wani ya ce biza ta fito kwana bakwai bayan ya shuka iri. Zumuntar mata su buga tulu, guɗa ta tashi, fasto ya karɓi makirufo ya ce wannan shi ne tagomashin Allah, wanda yake son irinsa ya ce amin da ƙarfi. Can a bencin baya akwai matar da ta shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Ba ta taɓa fashin addu'ar dare ba, zakkarta ba ta taɓa yankewa ba. Ita ma tana tafi, amma idonta na kan simintin ƙasa, domin ta ji abin da ba a faɗa da baki ba: tunda samu shi ne alamar yardar Allah, to rashi alamar me ke nan?

Wannan koyarwa, wadda ake kira bisharar wadata, baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Amurka ta taso, a bakin masu wa'azi irin su Oral Roberts, wanda ya yayata batun shuka iri, wato ba da kuɗi don Allah ya mayar da ninki, da Kenneth Hagin. Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, shi ya ba ta gindin zama a Najeriya. Yau ta wuce majami'un Fentikos, ta kutsa har cikin tsofaffin ikilisiyoyi masu sujada da Hausa, domin fasto yana tsoron matasansa su gudu inda ake alkawarin al'ajibi kafin ƙarshen wata. Malaman tauhidi na Afirka da suka zauna a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009, ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne, sun yi tir da ita a rubuce. Takardarsu ba ta kai ko'ina ba idan aka gwada ta da allunan tallan taron addu'a da suka cika shataletale.

Abin mamaki, labarin da masu wannan wa'azi suka fi so shi ne ya fi tona musu asiri. Yusufu ke nan. Kullum a fada ake nuna shi, da zobe da karusa. Amma wanda ya buɗe Farawa sura 39 zai ga inda aka ambaci tagomashinsa: sau ɗaya yana bawa a gidan Fotifar, sau ɗaya yana ɗaure a kurkuku bisa ƙazafi. A nan ne marubucin ya nanata cewa Ubangiji yana tare da shi. Yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma biyu daga cikin shekarun nan ya yi su ne don kawai mai shayar da sarki ya manta da shi. Da Yusufu ya je lokacin shaida a shekara ta goma sha biyu, me zai ɗaga? Sarƙa?

Sai wani ya ce, ai to, a ƙarshe ya shiga fada, don haka a yi haƙuri, naka na tafe. Wannan ma wayo ne, kuma shi ya fi wuyar ganewa. Ya mai da wahala adashi: ka zuba hawaye yau, ka kwashe gobe da riba. Ciniki ɗaya ne, ranar biya kawai aka ɗaga. Littafi Mai Tsarki bai yi wa kowa wannan alkawari ba. Ibraniyawa sura 11 ta lissafa waɗanda suka ci mulkoki suka rufe bakin zakoki, ba ta ko numfasa ba ta ci gaba da waɗanda aka jefe da duwatsu, aka tsaga da zarto, suka yi yawo cikin fatun awaki, ta kuma yaba bangaskiyarsu duka a ma'auni ɗaya. Maryamu, wadda mala'ika ya gaishe ta a matsayin wadda ta sami tagomashi, ba a jima ba aka gaya mata a Haikali cewa takobi zai soki zuciyarta. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba.

Abokan Ayuba kuwa, su ne kakannin wannan tauhidi. Sun zauna da shi kwana bakwai shiru, abin kirki ɗaya da suka yi ke nan. Da suka buɗe baki sai lissafi: mai adalci yana wadata, kai kana kan toka, saboda haka akwai abin da ka ɓoye. A sura ta 42 Allah ya husata da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba.

Kirista ɗan Arewa ba ya ma bukatar ya je nesa. Ikilisiyar da yake zaune a ciki da jira aka gina ta. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893 da nufin shiga yankin da ake kira Sudan a lokacin, wanda ya haɗa da Arewa. Kafin 1894 ta ƙare biyun farko sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake korar shi. Sai 1902 aka kafa tasha a Patigi, daga wannan tushe ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Dakta Walter Miller yana cikin ayarin da Sarkin Kano ya sallama a 1900, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya yi wa wahala bai fito ba sai 1932. A ma'aunin masu shuka iri, waɗannan duk mutane ne da ke bukatar addu'ar karya la'ana.

Ga kuma ikilisiyar EYN, wadda aka fara sujadarta ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi. A farkon Janairun 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika. Ya bayyana a bidiyo zaune gaban tutar masu tsaronsa, muryarsa a kwance, ya ce bai karaya ba domin kowane hali a hannun Allah yake, ya roƙi iyalinsa kada su yi kuka. An yi azumi, an yi addu'a a faɗin ƙasa. Ranar 20 ga watan aka kashe shi. Leah Sharibu tana da shekara 14 aka ɗauke ta tare da wasu 'yan makaranta daga Dapchi ranar 19 ga Fabrairun 2018. Bayan wata guda aka dawo da sauran da suka tsira da rai, aka riƙe ta saboda ta ƙi barin addininta. Duk mai wa'azin da ya ce bangaskiya mai ƙarfi takan buɗe kowace ƙofa cikin kwana bakwai, sai ya fara zuwa ya faɗa wa mahaifiyarta ido da ido.

Kada a ɗauka ana yabon wahala ne. Yunwa ba ibada ba ce, kuma ɗan fanshon da gwamnati ta riƙe wa haƙƙinsa yana da ikon ya yi ƙara, kada wani ya rufe masa baki da wa'azin haƙuri. Mai ciwo ya je asibiti, marar aiki ya nema. Zabura cike take da masu tambayar Allah har yaushe, ba a kuma kore su daga cikin littafin ba. Wanda ya sami mota ya gode, babu laifi. Laifin yana wurin wanda ya ɗauki motar ya mai da ita sikelin auna kusanci da Allah, sannan ya miƙa wa talaka ambulan ya ce ya sa kuɗin abincin 'ya'yansa don nasa ya zo da wuri. Irin yakan tsiro, amma a gonar fasto.

Matar bencin baya tana nan tana zuwa. Ita ke share majami'a ranar Asabar, ita ke kai kunu asibiti idan wani ya kwanta. A jerin masu ba da shaidar da magatakarda yake rubutawa kafin a fara sujada, ba a taɓa tambayarta ko tana da abin faɗa ba.